Kafaɗar Alisabatu

Duk wanda ya taɓa sayen doya a Kasuwar Gwari ya san Alisabatu Shekwolo, ko da bai san sunanta ba. Wanda bai taɓa taka Minna ba ma yana iya saninta, in dai ya yi karatun tarihi a jami'a, domin ita ce matar nan da ke bangon littafin Farfesa Rhoda, ta juya baya, da ƙwarya cike da doya a kafaɗa. Littafin ya je Ibadan, ya je Landan, an ce har Amurka ya leƙa. Ita kuwa mai kafaɗar iyakarta Wushishi, shi ma biki ne ya kai ta. A ƙarƙashin hoton an rubuta wai "wata Bagwariya a hanyar kasuwa". Wannan "wata" kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Farfesa.

A wani ƙauye hayin kogin Chanchaga aka haife su. Matan Gbagyi, wato Gwarawa, ba sa ɗora kaya a ka. A wurinsu kai shi ne sarkin jiki, shi ke tunani, kuma ba a mayar da sarki ɗan dako. Kafaɗa ce aka halitta don wahala. Uwarsu tana da doka guda a hanyar gona: duk wadda kaya ya ci ƙarfinta ta ce "karɓe ni", dole 'yar'uwarta ta karɓa ba gardama, ko da gaba suke yi. Doka ce ta adalci, sai dai mutum ɗaya ta more ta. Rhoda, ƙaramar, tun ba a bar bakin gona ba take fara rera "karɓe ni", Alisabatu ta haɗa kaya biyu ta yi gaba. Ita ba ta taɓa furta kalmar ba. Ba wai ba ta gajiya ba ne, ta duba ne ta ga mai karɓar 'yar firit ce, iska ma kayar da ita take yi.

Da malamin mishan ya zo neman yara, ubansu ya auna ya ba da wadda gona ba za ta yi kewarta ba. Haka gidan Shekwolo ya raba aiki: Rhoda ta tafi da kai, aka bar wa Alisabatu kafaɗa.

Kan kuwa ya yi aiki, ba a ƙi gaskiya. Rhoda ta yi Zariya, ta haye teku, ta dawo da tabarau da 'yar rikoda, ta zauna a kan turmi tana tambayar abin da ta gani da idonta tun tana yarinya.

"Yaya, me kike ji in kin ɗauki kaya?"

"Nauyi," in ji Alisabatu.

Wannan amsa sai da ta zama babi guda, har da ƙarin bayani a ƙasan shafi. Daga nan ƙofa ta buɗe. Rhoda ta zama Dakta, ta zama Farfesa, ta zama wadda ba a taron tarihin mata sai da ita. Tana da magana guda da ba ta gajiya da ita, cewa tarihi ya danne mata ya shafe sunayensu, kuma duk inda ta faɗa sai an tafa.

Alisabatu ta auri David, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya kawo ta unguwar Limawa a Minna, tsakiyar Nufawa da Hausawa, ya mutu ya bar ta da 'ya'ya da rumfar doya. Ta koyi Hausar ciniki, ta aurar da na aurarwa, wuyanta ya soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce ƙashin ya cinye, ko bokiti kada ta sake saɓawa. Ta bar wa masu baro ɗaukar doya ta huta. Sai dai likita bai san da baƙin Farfesa ba. Duk lokacin da masu bincike suka zo daga waje, mota za ta tsaya a Limawa, a ce Mama ta cire takalmi, ta ɗaura tsohon baƙin zane, ta saɓa ƙwarya, ta juya baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Kada a ce Rhoda muguwa ce. Shinkafar Kirsimeti ba ta taɓa yankewa ba, ita ta kai ta asibitin ma. Abu ɗaya ne ya gagare ta: ta tsaya gaban mutanenta masu tabarau ta ce "wannan yayata ce". Da Alisabatu ta taɓa yin ƙorafi, sai aka ce mata ƙa'idar bincike ta hana bayyana sunan wanda aka yi hira da shi. Ƙa'ida mai kunya ke nan: ta rufe suna ta bar ƙeya a waje. Abin yana ci wa Alisabatu rai ƙwarai, ya fi ciwon wuyan zafi, amma ta bar wa cikinta. Bangon littafin ma ta manna shi a ɗakinta kusa da hoton aurenta, don ita tana alfahari da ƙanwarta ko ƙanwar ba ta yi da ita ba.

Ana nan sai aka naɗa Rhoda shugabar wata jami'a mai zaman kanta a bayan gari. Kati ya iso Limawa, aka ce akwai kujerun iyali a sahun gaba. Alisabatu ta ce yau dai yau ce. Ta ɗinka leshi ruwan zuma, maƙwabciyarta Zainab ta naɗa mata gwaggwaro har yana gogar rufin Keke Napep. Ba ta nemi komai ba sai ta zauna a gaba da fuskarta, a kira sunanta sau ɗaya kowa ya ji.

A bakin ƙofa ta haɗu da Ndanusa, jami'in da aka ɗora wa tsarin biki, yana zufa cikin kwat. Ya kalli fuskarta bai ga kowa ba. Sai da ta juya za ta sallami mai keke ya hangi ƙeyar da kafaɗar, ya daka tsalle.

"Mama! Kai ne na littafi! Tun safe muna nemanka, zo, zo!"

"Ni yayan Farfesa ne, ɗana. Kujeran gaba zan zauna."

"Mama, yau kowa ɗan'uwan Farfesa ne. Mu je, lokaci ya tafi."

Ya ja ta bayan rumfa, inda 'yan mata ɗalibai suka yi shigar gargajiya, kowace da ƙwarya cike da soso an shafa masa ƙasa ya yi kama da doya. Ita da yake ta ainihi ce, doya ta ainihi aka loda mata. Aka warware gwaggwaron Zainab, aka naɗe leshin da baƙin zane, aka ajiye takalmin a gefe. Ta so ta yi gardama, amma wanda ya saba ɗauka, in an miƙo masa kaya hannunsa kan riga bakinsa. Kuma ta gaya wa kanta cewa da zarar Rhoda ta hango ta za ta tsayar da wannan shirme.

Suka jeru a gaban dandamali cikin rana, Farfesa tana jawabi cikin doguwar riga ja da hula mai tuntu. Ta gode wa manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ta gode wa malamin mishan da ya daɗe da mutuwa, ta gode wa Baturiyar da ta duba mata digiri, har kwamitin abinci ya samu rabonsa. Wuyan Alisabatu kuwa kamar ana soka masa allura. Can Farfesa ta ɗago, idanunsu suka haɗu, maganarta ta tsaya. Murna ta kama Alisabatu. Sai Farfesa ta gyara tabarau, ta miƙa hannu wajensu.

"Ga su nan," ta ce, "matan da tarihi ya manta da sunayensu."

Filin ya ɗauki tafi. Tarihi bawan Allah, shi da bai sha nono ɗaya da kowa ba, shi aka ɗora wa laifin mantuwa.

Alisabatu ta fita daga layi ta nufi matakala. Masu gadi suka kalli Ndanusa, Ndanusa ya kalli takardar tsarin biki, kowa ya ɗauka wata sabuwar al'ada ce da ba a gaya masa ba. Ta hau a hankali, ƙafa ba takalmi, leshi yana leƙowa ta ƙarƙashin baƙin zane, ta tsaya dab da ƙanwarta. Da Gbagyi ta yi maganar, lasifika kuwa ba ta san sirri ba, ta watsa ta har bakin titi.

"Rhoda, karɓe ni."

Gbagyin da ke can baya, masu shara da direbobi da 'yan ƙauyen da aka kwaso a mota, suka yi tsit, sauran jama'a suka bi su. Farfesa ta dubi yayarta. Uwarsu ta daɗe a kabari, amma dokarta ba a binne ta tare da ita ba. Ta ajiye takardun jawabi, ta rusuna, ta kawo kafaɗa. Da ƙwaryar ta sauka sai da gwiwarta ta lanƙwashe, hular ta karkace, wani malami ya taso zai taimaka ta ɗaga masa hannu.

Alisabatu ta waiga neman wurin zama. Kujera ɗaya ce babu kowa a kanta, babbar nan mai jan kilishi da aka sassaƙa wa sabuwar shugaba. Ta zauna abinta tana murza wuya.

Farfesa ta matsa ga lasifika, hawaye yana bin gefen tabarau.

"Wannan yayata ce. Sunanta Alisabatu Shekwolo. Ita ce ta..."

"To, kin gani," in ji Alisabatu da Hausarta ta kasuwa, yadda sahun gaba duk suka ji. "Sunan bai kai doya ɗaya nauyi ba. Ƙarasa jawabinki. In kin gaji, kin san abin da za ki ce."

Farfesa ta ƙarasa jawabin da ƙwaryar a kafaɗa, gumi yana jiƙa jar rigar, kuma har ta kai ƙarshe ba ta ce a karɓe ta ba.