Ƙwayar da Na Ɓoye a Hula

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Garwa, ni da matar taubashina wadda ta zo takanas ta ɗauke ni. Mijinta, ɗan kawuna mai sayar da dankali a Mokolo, ya ajiye maganin hawan jini, har bakinsa ya taɓa karkacewa ya dawo. Likita ya ce karo na biyu ba lalle ya dawo ba. Ta ce duk dangi ni kaɗai yake saurare, don ni kaɗai ke da lasisin zaginsa.

Abin da ba ta sani ba, ni ma hawan jinin gare ni, tansiyo kamar yadda muke cewa. Na daɗe ina haɗiyar ƙwayata a ɓoye, tana ƙunshe cikin hulata, kada a ce sarkin barkwanci ya zama majinyaci. Ranar tafiyar ma ban sha ba. Irin mai sa fitsari ce, direbobin ajans kuwa, wato kamfanin motocin haya, ko haihuwa kake ba sa tsayawa.

Bayan Pitowa muka shiga ramuka, wani in akuya ta faɗa sai an nemo masu haƙar rijiya. A Figil ƙurar siminti ta yi wa kowa furfura, har jariri. A Marwa muka sauka canjin mota, na lallaɓa unguwar Dugoy cin soya, wato tsire. Tsinken ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba, gishiri da magi kuwa kamar da gayya. Ƙeyata ta fara sara, na ce zafin rana ne.

Hanyar Mokolo dutse ne a kan dutse, gonakin dawa hawa-hawa kamar matakala. Mun tarar kasuwa tana ci, babura sun fi ƙuda yawa, manoman dutse suna taya kaya da Fulatanci, su yi ragi da Hausa, su yi faɗa da Faransanci. Taubashina na rumfarsa, ya faɗa sosai. Na gyara riga na zuba masa wa'azin da ko likitan bai kai ba. Ya bari na gama.

"Bawana, rufe mini baki," in ji shi. "Ƙwayar da in ka fara sai kabari? Ni ba inda ke mini ciwo. Dube ka, ka fi ni tumbi, ka fi ni cin gishiri, ka taɓa shan magani? Ai jininmu ɗaya."

Matar ta ce a hankali, "Yaya, kullum da kai yake kafa hujja."

Wallahi da dutsen Mokolo ya tsage da na shige. Ashe ƙaryar lafiyata ce ke neman shanye masa rabin jiki. Na cire hula a gaban masu ciniki, na kwance ƙunshin a kan buhun dankali. Ya dubi ƙwayoyin, ya dubi sanƙona.

"Ashe farmasi kake yawo da ita a ka," ya ce. "A kawo ruwa."

Matar ta ɗauko nasa maganin, na haɗiye nawa, ya haɗiye nasa, moɗa ɗaya.

Washegari na sha kafin in hau mota. Muna wuce Marwa na ce wa direba da ƙarfi tansiyo gare ni, ya tsaya ko kujerarsa ta sha wanka. Ya tsaya yana ƙunƙuni. Ina sauka sai ga wani alhaji da wata tsohuwa a bayana, suna sa mini albarka. Su ma irin ƙwayata suke sha, kunya ce ta ɗaure su.

Mun iso Garwa da la'asar. Na koyi cewa ba tsada da nisan farmasi kaɗai ke hana mutum shan magani ba, har da irina masu cika baki. Yanzu ƙwayar tana kan tebur inda kowa ke gani. Kullum da safe wayata ke ƙara daga Mokolo, ko gaisuwa babu: "Bawa, ka sha?"