Hoton Baba Yekini Ya Ƙi Miƙewa

Kai, kun taɓa ganin mutum yana faɗa da hoton da ya ɗauka da hannunsa? Wallahi akwai wani tsoho a kan gadar sama wajen Sabon Gari, wani mai rake a wurin na ce masa Baba Yekini, siriri haka, gilashin wayarsa duk ya tsage. Kullum da yamma yana nan yana ɗaukar saman gari, sai ya duba ya ja tsaki ya goge.

Mai rake ya ce, "Baba, hannunka ne ke rawa, tsufa ne."

Ya ce, "Zo ka gani, ɗan nan. Hasumiyar masallaci a miƙe, falwaya a miƙe, benen can mai ruwan ɗorawa ne kaɗai ya karkace. Da azumi ba haka yake ba."

Mai rake ya daina dariya. Ƙasan benen nan fa shagunan atamfa ne, mata cike, har da masu goyo. Baba ya sake ɗaga wayar, ya ɗauka, wannan karon bai goge ba.

Don Allah ku tura wa duk mai shago a wajen, tun yau.