Ɗakin Eliyamma na Bayan Kicin

Eliyamma ƙanwar Kuriakose ce, ɗan uwan kakanmu. Su tara uwarsu ta haifa a wani ɗan gida mai rufin ganyen kwakwa, a ƙauyenmu na Kerala, can ƙasar Indiya. Ba ta yi aure ba. Da matar yayanta ta rasu, ita ta ƙarasa rainon 'ya'yansa huɗu da dafaffen rogo da miyar kifi, har suka yi gashin fuka-fukai. Ɗaya ta tafi aikin jinya Ingila, biyu Dubai, autan, Jaimon, ya yi Kanada.

Kuɗi suka fara zuwa, aka rushe tsohon gidan, aka dasa bene mai ɗakuna kamar otal. Duk layin haka yake, benaye a kulle, ciyawa ta cinye ƙofa. Makarantar firamare ma malamai sun kusa fin ɗalibai yawa. A wannan ƙaton gida Eliyamma ta zaɓi ɗan ɗakin bayan kicin, ta ce daɓen marmarar benen na sa mata sanyin ƙafa.

Da Kuriakose ya cika, aka yi abin da kowa ke yi yanzu. Aka yi hayar firij mai murfin gilashi, aka sa shi ciki a tsakiyar falo, sai 'ya'ya sun sauka. Kwana da kwanaki suna gardamar tikitin jirgi a waya. Kullum da safe Eliyamma ke goge raɓar gilashin da bakin zanenta don ta ga fuskarsa.

"Achayan," haka take kiran yayan nata, "ka ga ƙarshenka? Kai da kifin kasuwa wuri ɗaya."

Da suka iso, sun yi kuka daidai gwargwado. Amma abin da ya tsaya mata a rai shi ne ganin jikoki sun ɗora faranti a gefen firij ɗin suna cin soyayyen nama, suna danne-dannen waya. Ta fita bayan gida ta tofar da yawu.

A al'adarmu gidan gado na auta ne, tare da duk tsohon da ke cikinsa. Don haka bayan jana'iza Eliyamma ba ta damu ba, har sai da ta ga matar Jaimon tana lulluɓe kujeru da fararen zannuwa, alamar za a kulle gidan.

"Ammayi," in ji Jaimon, yana sosa ƙeya, wato gwaggo ke nan, "na samar miki wuri a gidan tsofaffi na sistocin coci. Akwai likita, akwai addu'a safe da yamma."

"Addu'a na iya tun ba a yanke maka cibiya ba. Ɗakin bayan kicin nake so."

"In kin faɗi wa zai ɗaga ki? Layin nan kaf babu wanda bai haura saba'in ba."

"Kai ne al'ada ta ce ka ɗaga ni, ɗan nema."

"Daga Kanada? Hannuna bai kai ba, Ammayi."

Ya yi dariya shi kaɗai. Gaskiya ya faɗa, ta kuwa sani, shi ya sa abin ya fi ƙona mata rai. Ta roƙe shi, ita da ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba. Ya ce ai an riga an sa kyamara a ko'ina, zai riƙa duba gidan ta waya.

Ranar tafiyarta, ta fito da akwatinta na ƙarfe, adaidaita na jira a ƙofa. Sai ga Jaimon da makulli a hannu, yana murmushi kamar mai ba da kyauta.

"Ammayi, kin san damina. Gida in ba a buɗe shi, funfuna ke cinye bango. Duk Asabar zan sa a ɗauko ki, ki buɗe tagogi ya sha iska, ki ɗan yi shara. Kin ga ba ki rabu da gida ba ke nan."

Ta dubi makullin, ta dube shi tun daga takalmi har gashin da ya rina.

"Au, bangon ne ke buƙatar mutum?"

"Haba Ammayi, ba haka..."

"Yaron nan, ni na wanke maka kashi da hannun nan. Bangonka kuwa, kyamara ta buɗe masa taga."

Ta shiga adaidaita ta ce wa direba ya ja. A gidan tsofaffin take har yau, gadonta na kusa da ƙofa. In na kai mata rogo takan tambayi kowa, har karen maƙwabta, amma ba ta taɓa tambayar gidan ba.