Matar da Ba Ta Iya Zama Ba

Shekara talatin da takwas Sista ta yi tana aikin jinya, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta zai rantse maka bai taɓa ganin ta zauna ba. A tsaye take rubutu, a tsaye take shan shayi, a tsaye take yi wa sababbin ma'aikata faɗa har gumi ya keto musu. Da ta yi ritaya, autanta da ke aiki a wata ƙasa mai nisa ya matsa sai ta koma wurinsa, wai ta huta. Ta koma ɗin, amma hutu kam ba ta san inda ake ajiye shi ba. Yau shekara shida ke nan tana hawa na huɗu na wani dogon bene, a ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon tashar bas. Sunan asibiti ya biyo ta har can, jikokinta ma Sista suke ce mata.

Ba ta cika wata biyu ba ta gano benen cike yake da tsofaffi, kowa ya kulle kansa da talabijin da kwalaben magani. Abin ya ba ta haushi ƙwarai. Yaren ƙasar bai zauna mata a baki ba a lokacin, amma ta iya "zauna" da "miƙo hannu" da "ka sha maganinka?", kuma a ganinta waɗannan sun isa a fara aiki. Ta sa Auta ya sayo mata na'urar awon jini, ta maƙala tsohon agogonta a ƙirji, ta soma zagaye safe da yamma. Lif, na'urar hawa bene, ba ta shiga. Ta ce wannan na marasa lafiya ne.

Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Kafin ta auna ka sai ka zauna minti biyar cur, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, baki a rufe. Wanda ya fi shan wahalar dokar shi ne wani tsohon tela da ke hawa na ɗaya, mutum mai surutu da son gishiri. Kullum sai sun yi, kullum kuma kafin ta ƙwanƙwasa ya buɗe ƙofa. Ita ce ta lura wata safiya ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa na sama-sama, ta tasa shi gaba har asibiti yana tafe yana mita. Kwana tara ya yi a kwance. Tun daga ranar, in ya ji takunta a matakala sai ya ɓoye gishirin a bayan keken ɗinki.

Ana nan sai waya ta zo daga gida. Yayarta ce ba lafiya, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta yi mata kitso, ta raka ta makarantar jinya da akwati a ka. 'Yar Yaya ce ta kira, ba ta kuma yi kwana-kwana ba.

"Inna, in za ki zo, ki zo. Ta daina tashi, maganar ma sai jefi-jefi."

A ranar Auta ya samo mata kujera a jirgin da zai tashi nan da mako uku da 'yan kwanaki. Sai dai akwai matsala. Sista na da hawan jini, kuma watan da ya wuce jiri ya ɗebe ta a kicin har ta dafa bango. Tafiyar awa goma sha ɗaya ce, da canjin jirgi a tsakiya, ita kaɗai. Auta, wanda bai taɓa yi mata musu ba, ya ce wallahi ba za ta taka filin jirgi ba sai likitar da ke duba ta ta yarda. Likita kuwa ta ce a kawo mata awon mako biyu, safe da yamma. In yana ƙasa da ɗari da hamsin, ta sa hannu. In ya wuce, tafiya sai wani lokaci. Kowa a ɗakin ya san Yaya ba ta da wani lokaci.

Sista ta ja layi a kati da rula, ta soma rubutawa da rubutunta mai kyau. Ɗari da saba'in da biyu. Ɗari da sittin da takwas. Ta rage shayi, ta bar duk abin da ya ji gishiri, ba ta tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. Ɗari da saba'in da biyar. Tsoro ya shige ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ranakun da ake kawo mutum goma cikin jini lokaci guda.

A kwana na goma sha biyu ta nuna wa Tela katin. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Sista, wa zai sani? Ke kike rubutawa. Rage talatin-talatin kawai. Mu in riga ta matse, sakin ɗinki muke yi, mai riga ya tafi yana godiya."

Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya ba shi mamaki. Ta hau sama, ta ɗauko sabon kati, ta ja layi, ta ɗora biro. Ta tuna hannun Yaya a kanta. Ta rubuta ɗaya, ta rubuta huɗu, ta kasa ƙarasawa. Shekara talatin da takwas, ko sau ɗaya ba ta sa lambar ƙarya a katin majinyaci ba, kuma ta taɓa korar ma'aikaciya gida a kan haka. Ta yaga sabon katin gida huɗu, ta yi kuka sosai, a tsaye, gaban taga. Da ta share fuska ta sa tsohon katin a jaka.

Ranar komawa asibiti ta hana Auta fashin aiki, ta hau bas ita kaɗai. Wani ya tashi ya ba ta kujera, ta gode masa ta ci gaba da riƙe ƙarfe. Likita, wadda a haife Sista ta haife ta, ta karɓi katin ta ce ba ta taɓa ganin mai tsabtarsa ba. Sannan ta bi layin lokaci da yatsa.

"Kullum tara da minti goma, kullum biyar da rabi. Me kike yi kafin nan, Mama?"

"Na gama zagaye ke nan. Ina hawowa nake aunawa, don kada in manta."

"Hawa nawa?"

"Huɗu."

"A lif?"

Sista ta yi mata wani kallo.

"To nuna mini yadda kike yi," in ji Likita.

Sista ta zaro na'urar, ta naɗa a damtse tana tsaye, jaka a ɗaya kafaɗar, ta danna, tana ci gaba da bayanin ƙafafun Tela. Likita ta bar ta ta gama.

"In majinyaci ne ya zo miki fa, ya kike yi da shi?"

"Ai sai ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, baki a..."

Nan ta tsaya. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta koya wa ɗaruruwan ɗalibai wannan doka, amma ko a mafarki bai taɓa zo mata cewa ita ma tana cikin waɗanda dokar ta hau ba. Likita ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta jawo kujera, ta ce bismilla. Bayan minti biyar na'urar ta nuna ɗari da arba'in da takwas.

"Awo ɗaya ba ya isa," in ji Likita. "Saura kwana takwas jirginki. Ki kawo mini na kwana bakwai, a zaune."

Da labari ya kai wa Tela, sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi zai yi gadi, kuma a ba shi agogon. Safe da yamma yakan hau lif ya zo, ya zaunar da ita a kujerar falo, ya riƙe agogo a tafin hannu yana hura hanci.

"Ƙafa a ƙasa, Sista."

"Ai na..."

"Baki a rufe."

Ba ta taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. In tana tafiya, tunani ba ya kama ta. A zaune kuwa, ba abin da ke zuwa sai Yaya, da tambayar ko za ta same ta. Ta koyi barin tunanin ya zo ya wuce, tana jan numfashi a hankali yadda take sa wasu su yi. Ɗari da arba'in da shida. Ɗari da arba'in da ɗaya. Ranar Asabar ya kai ɗari da hamsin da uku, Tela ya kau da kai, ita kuwa ta rubuta shi yadda yake.

Likita ta duba katin, ta tsaya a kan na Asabar, ta ɗago ta dube ta. Ta ce da babu wannan da ta yi shakkar sauran. Ta sa hannu, ta rubuta mata lokutan shan ƙwaya saboda bambancin agogo, ta ce a cikin jirgi ta riƙa tashi tana ɗan takawa duk bayan awa biyu.

"Wannan kam ba sai an gaya mini ba, 'yata," in ji Sista.

Ta fito da takardar a hannu, kanta a sama. Ba ta iya jira ta kai gida ba, a tashar bas ta kira. 'Yar Yaya ta ɗauka da murya ƙasa-ƙasa, ta ce kwana biyu ke nan Yaya ba ta ce uffan ba, ruwa ma da cokali ake ba ta.

"Kara mata wayar a kunne."

Sista ta toshe ɗaya kunnen saboda ƙarar motoci.

"Yaya, ni ce. Gobe ina hanya. Likita ta sa hannu, kuma ban yi ƙarya ba."

Ba ta ji komai ba sai numfashi, mai tsawo, mai nauyi. Bas ɗinta ta zo, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta wuce. Can sai ga muryar Yaya, siririya, ba da ita take ba, da mutanen ɗakin take.

"Ku fitar da katifarta ta sha rana."