Wasana na uku a matsayin koci

Shekarata ashirin da takwas aka ɗora mini kulob ɗin garinmu, Matameye. Ban taɓa horar da ko 'yan unguwa ba, abin da nake taƙama da shi kawai takardar sitaj, wato kwas ɗin koci, da na yo a Yamai. Tsohon kocinmu ya rasu wata biyu kafin nan, shi kuwa ya fi shekara ashirin yana riƙe da kulob ɗin. Alhajin da ke biyan albashin 'yan wasa bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Wasa uku na ba ka. In yaran nan ba su ji maganarka ba, sai mu nemo dattijo."

Yaran da yake faɗa, huɗu daga cikinsu sun girme ni. Golanmu ma abokin yayana ne, tare suke zuwa cin rani Kano.

Marigayin ba ya ihu. Tabarma yake shimfiɗawa a gindin wani gawo da ke gefen fili, da hularsa yake magana. In ya cire ta, a ja baya. In ya ɗora ta a gwiwa, wani zai fito. Ni na ga wannan ƙauyanci ne. Na zo da allo da alli, na yi ta zane-zane, ranar wasa kuma in yi ta ihu har muryata ta dishe. Aka ci mu wasan farko, aka ci mu na biyu, raina ya ɓaci ƙwarai.

Wasa na uku da wasu 'yan Damagaram muka yi, bayan la'asar, rana na nan da sauranta. Ina tsaye a bakin layi ina cewa su matsa gaba, sai na ga su goma sha ɗayan nan sun juyo lokaci guda. Ba ni suke kallo ba, bayana suke kallo. Na waiwaya. Babu kowa a gindin gawon, don 'yan kallo ba sa zama wurin tun rasuwar. Kafin in juyo, duk sun ja baya.

Can sai ɗan wasanmu na tsakiya ya tako ya fito da kansa, lafiyarsa ƙalau. Na ce, "Wa ya ce ka fito?"

Ya ce, "An ce in fito, koci."

Wanda zai canje shi har ya riga ya tsaya a layi. Shi ya ci mana ƙwallo ɗayar da muka tashi da ita. Gari ya ɗauki sowa, ni kuwa ina ta waiwayen gindin gawon.

Alhaji ya riƙe hannuna ya ce canjin nan ya nuna ina da kai, aiki nawa ne. Na ce na gode. Har yau ina jin kunyar wannan godiya.

Ina tattara riguna gola ya zo ya dafa kafaɗata, cikin ladabi, ba ya ko murmushi. Ya ce, "Ƙanena, mun yarda da kai. Alfarma ɗaya muke nema, ka riƙa ɗan gusawa hagu in ana wasa. Kana kare mana shi."

Wasan da ya biyo baya, na gusa.