Ranar da Na Sa Baba Ya Yi Shiru

A shekarun da faifan fim ya daina sayuwa, mu masu ɗaukar sauti zaman kashe wando muka koma. Ana nan sai wani darakta ya neme ni. Fim zai yi don masu kallo a waya da iyafis a kunne, kuma yana son sautin gona wanda mai saurare zai rantse a cikinta yake tsaye: tsuntsu a dama, fartanya a hagu, iska ta baya.

Na'urar wannan aiki ta fi ƙarfin irinmu. Sai na samo kan roba irin wanda masu sayar da hula ke ɗora hula a kai, na huda kunnuwansa, na cusa ƙaramin makirfo a kowanne. Duk abin da kan ya ji, haka kunnenka zai ji shi, har da inda ya fito.

Na tafi gonarmu da ke ƙauye wajen Tofa, gero ya kai ƙugu. Ina kafa kan a bisa sanda sai ga Baba da sandarsa, mutumin da duk daminar bai leƙa gona ba saboda ciwon ƙirji. Ya ƙare wa kan kallo.

"Abokin naka ba ya gaisuwa ne?"

Ko murmushi ban yi ba. In ina aiki ba ni da daɗi, kowa ya sani.

A wajenmu gonaki a manne suke, babu shinge. Iyaka tana cikin kan dattawa: tushen gamba, tsohon kututture. In uba ya ji ƙarfinsa na tafiya, sai ya ja babban ɗansa ya zagaya da shi. Na san wannan sarai, amma ban kawo a raina shi ya fito da Baba ba.

Na kunna na'ura ke nan ya fara magana daga bayana. "Tunda ka zo, bari in nuna maka. Iyakarmu da ta ƙanena daga nan inda nake tsaye take, ta miƙe..."

"Baba, don Allah shiru nake so. Ana ɗauka."

Ya yi shiru. Da na gama na waiga, ya riga ya kama hanyar gida. Hadari ya haɗo, na yi sauri na nemi mota. Fim ɗin ma ba a yi shi ba. Baba ya rasu bayan an yanke gero.

Daga baya gari ya matso, masu yanka fuloti suka iso. 'Ya'yan ƙanen Baba suka tashi sayar da tasu gonar, gamban kuwa tuni garma ta cinye shi. Mai unguwa ya tambaye ni inda iyakarmu take, ni kuwa ban san ta ba.

Sai na tuna da sautin. Na koma gona da iyafis a kunne. Muryar Baba ta fito ta bayan kafaɗata ta hagu, kamar taku biyar, har sai da na waiga. To amma ina na kafa sandar da na ɗora kan robar? Ina kan ya fuskanta? Ban lura ba. Na wuni ina juyi a gona, ko'ina na tsaya Baba yana cewa "daga nan". Ƙarshe iyakar da 'ya'yan ƙanen Baba suka nuna ita na karɓa.

Ba kunyoyin gonar da suka tafi ne ke damuna ba. Ranar da na koma gonar na bar sautin ya wuce inda na saba tsayar da shi. Bayan tsawar da na yi, Baba bai tafi nan take ba. Ana jin numfashinsa, tari ya taso masa yana danne shi, ya sake tasowa ya sake dannewa. Sannan takunsa, a hankali, ya ɗaga sandarsa don kada ta taɓa ƙasa ta ɓata mini aiki.