Ranar da Muka Mayar da Ruwan Kwata Ɗakina da Gangan

Na zaga ƙasashe da dama a zamanin da nake fataucin fatu, na ga abubuwan da yanzu sun ɓace mini. Amma abin da ya faru a gidana na unguwar Malam Inna a Gombe a wata damina, shi kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

A Iraƙi na fara ganin mutane suna sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa idan rana ta take. Abin ya burge ni, don haka da na tashi gini na sa aka haƙa mini irinsa, har da ɗan wurin alwala. Bututunsa yana zubarwa a babban lambatun da ke bayan gida. Da farko mutanen layinmu sun yi ta tsokanata, wai Alhaji ya gina kabarinsa tun yana da rai. Da zafin bazara ya zo da azumi a ciki, su ɗin ne suka cika ɗakin, har ya zama majalisar dattawan layi.

Wata ranar Asabar da hantsi aka yi ruwa mai ƙarfi. Yashi da leda suka toshe lambatun, ruwan kwata ya rasa hanya, sai ya biyo bututuna ya dawo. Kafin mu ankara ya kai ƙauri, baƙi ƙirin, warinsa har zaure. Matata Hajiya ta tsaya a bakin matakala ta toshe hanci da mayafi.

"Alhaji, in ba a yi maganin wannan abu ba kafin ruwa na gaba, tifar yashi zan kira a cike ramin nan," in ji ta. Na san ta, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

A lokacin ne aka sanar cewa ƙaramar hukuma za ta taimaka wa gidajen da ruwan kwata yake komawa cikinsu. Za ta ba da siminti da bututu da wani murfi da ke barin ruwa ya fita amma ba ya barinsa ya dawo, ta kuma yashe lambatun layin. Na san murfin, na gan shi a gidan ɗana a Kanada, inda hukumar gari take biyan wani kaso na kuɗinsa. A can mutum yana zuwa ya nema ba tare da jin nauyi ba, don yana ganin harajinsa ne ya dawo. Mu nan dattijo yakan ji nauyin a ce ya je neman tallafi. Na haɗiye nauyin na je. Suka ce sharaɗi ɗaya ne, sai jami'insu ya zo ya ga ɓarnar da idonsa.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne 'yan jaje. A Kanada maƙwabci zai ce maka sannu ta kan shinge ya shige gidansa. A Gombe kuwa kafin in dawo daga ofishin, layi duka yana gidana. Maza sun kwashe ruwan, sun fitar da tabarmi. Maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar firamare daga ƙasar Tangale, ta jagoranci mata suka wanke bango da daɓe. Wata baiwar Allah da rikici ya koro daga Borno ta kawo kasko da turaren wuta, ta yi ta turara ɗakin har washegari.

Da jami'in ya zo, wani matashi mai farin yadi da sabon takalmi, ya sauka ya duba ko'ina, ya shaƙi iska.

"Baba, ka yi haƙuri, amma ɗakin nan ya fi ofishinmu ƙamshi. Me zan je in ce na gani?"

Na yi masa bayani da Hausa, na sake da Fulatanci, na ƙara da Turanci. Ya saurara da ladabi, ya ce bai ƙaryata ni ba, amma gidaje da yawa suna jira, kuma tasu ɓarnar ana ganinta. Na hango Hajiya a saman matakala tana kallona, na san tifar yashi take tunani.

Sai Malama ta ce, "Ɗana, ɓarna kake son gani? Mu muka ɓoye ta, mu za mu dawo maka da ita. Tsaya nan kada ka motsa."

Ta fita ta bi gida-gida. Lambatun yana nan a toshe, kuma kowane gida yana da duro cike da ruwan sama da aka tara. Wanda ya san tsadar ruwa a garin nan ya san abin da ta roƙa. Ba wanda ya ce a'a. Aka jera da bokitai, aka tuntsurar da durorin cikin lambatu a lokaci guda. Mu muna ƙasa muna jira. Can sai bututun ya yi gurnani kamar cikin mai yunwa, baƙin ruwa ya ɓulɓulo ya nufi sabon takalmin nan kai tsaye.

Jami'in ya haye matakala da tsalle yana dariya. "Na gani, Baba, wallahi na gani. A ce musu su dakata haka."

Ba a daɗe ba aka kawo kayan, aka yashe lambatun, aka sa murfin. Matan suka sake wanke ɗakin, ta Borno ta dawo da kaskonta tana cewa wannan karon kada wanda ya sake ya kira jami'i. Hajiya ba ta ƙara ambaton tifa ba, har takan sauko da rana ta ce sanyi ta zo dubawa.

Na koyi cewa neman abin da hukuma ta tanada ba roƙo ba ne, kuma a nuna ɓarna kafin a share ta. Amma babban abin da na riƙe shi ne, a ƙasashen da na zaga na ga murfi iri-iri masu kyau, ban taɓa ganin inda maƙwabta za su zubar da ruwan wankinsu don su ɓata ɗakin da suka wanke da hannunsu ba, sai a layinmu.